In Kunne Ya Ji, Ƙarfe Ya Tsira: Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Waldar Leza

Duk wanda ya san Birnin Kudu, ya san ta da duwatsu. Daga cikinsu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda suka yi suna a duniyar masana saboda zane-zanen shanu da mutanen da suka bari a jikinsu, har hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta sanya su a jerin wuraren da doka ta kare. Sai dai akwai wani abin al'ajabi na biyu a wurin wanda ba a cika kula da shi ba. A shekarar 1955, Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura da wasu falalen duwatsu kusa da zanen, waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi amo tamkar kuge ko ƙararrawa, ga kuma gurabun bugu birjik a jikinsu, alamar an daɗe ana kaɗa su. Ya wallafa bayaninsu a 1956, daga nan ne masu bincike suka shiga gano irinsu a sassa da dama na Afirka.

Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce, ta yaya mutanen wancan zamani suka tsamo waɗannan 'yan duwatsu daga cikin dubbai? Da kunne suka tsamo su. Dutsen da yake lafiyayye, wanda kuma ya zauna yadda zai iya kaɗawa, shi ne ke yin amo mai tsawo. Wanda yake da tsaga a ciki kuwa, ko da ido bai gan ta ba, sai ya amsa da dusasshiyar murya ya yi shiru. Wato ba tare da ya buɗe littafin kimiyya ba, mutumin wannan yanki ya gane cewa amon abu yana tona asirin cikinsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a yau cibiyoyin bincike da masana'antu a Turai da Asiya da Amurka suna kashe maƙudan kuɗi domin su koya wa kwamfuta wannan fasaha: ta kasa kunne yayin da hasken leza ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, ta faɗa ko waldar ta kama ko ba ta kama ba. Mu kuwa da muke da masu irin wannan kunne a kowane gari, daga Birnin Kudu zuwa Babaldu, daga Sara zuwa Gwaram, ba mu taɓa ɗaukar sa a matsayin ilimi ba, ba mu rubuta shi ba, ba mu kuma kare shi daga lalacewa ba, alhali kullum rayukanmu na rataye da waldar da babu wanda ya gwada ta.

Kunnen mai sana'a

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Shi kansa Fagg ya tono tandunan narka tama a Taruga waɗanda suka haura shekara 2,000, sannan labarin baka na Kano, wadda kudancin Jigawa ke ƙarƙashinta har zuwa 1991, ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zauna a gindin Dala yana neman tama. Wanda duk ya taɓa zama a maƙera ya san cewa rabin aikin da kunne ake yin sa. Daga hucin zuga-zugi maƙeri ke sanin ko wuta ta samu iska. Daga yadda masaba ke amsawa a kan uwar maƙera yake sanin ƙarfe ya fara hucewa, domin jan ƙarfen da ya fito daga wuta a tausashe yake karɓar bugu, yana sanyi kuwa sai amonsa ya yi kaifi. Idan ya gama fartanya ko lauje, yakan ɗaga shi ya ɗan buga, ya saurara. Ba banza ba Bahaushe ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Haka uwargida ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya kuɗi. Haka bakanike ke ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne. Haka kamfanonin jiragen ƙasa suka daɗe suna ɗaukar ma'aikata na musamman waɗanda aikinsu kawai su bi ƙafafun tarago da doguwar guduma suna bugawa. Dalilin duka ɗaya ne: abin da yake dunƙule yana kaɗawa gaba ɗayansa, amma idan akwai tsaga, ɓangarorin biyu sai su riƙa gogar juna, su cinye kaɗawar, amon ya mutu nan take.

Mai waldar lantarki ma magajin maƙeri ne a wannan fanni. Idan wuta ta yi daidai, kuma tazarar sandar walda da ƙarfe ta yi daidai, abin da ake ji shi ne ƙara mai ɗorewa kamar ta ƙosai a cikin mai. In sanda ta yi nisa, sai a ji huci da fallatsi; in wuta ta yi rauni, sai ta riƙa liƙewa tana yankewa; in sandar ta sha danshi, sai ta riƙa fashe-fashe. Shi ya sa za ka ga maigidan shago ya juya baya yana ciniki, amma ya daka wa yaronsa tsawa ya ce ya gyara hannu. Masana sun tabbatar da cewa wannan ba burga ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan suka fara auna ƙarar walda, kuma a 2005 wasu a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun sa wa ƙwararrun masu walda abin ji a kunne, suna jinkirta musu sautin aikinsu da gangan, sai aka ga hannunsu ya rikice.

Mece ce waldar leza?

Leza haske ce da aka tattara wuri ɗaya, mai launi guda, wadda ke tafiya a miƙe ba ta bazuwa. Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a Kalifoniya a 1960. A 1964 Kumar Patel, ɗan asalin Indiya, ya ƙirƙiro mai ƙarfi wadda ke aiki da iskar gas. A 1967 kuma aka fara yanka farantin ƙarfe da ita a Ingila. A yau da ita ake haɗa gangar jikin motoci, da baturan motocin lantarki, da wayoyin jan ƙarfe na cikin injinansu, har da 'yar na'urar da likitoci ke dasa wa masu ciwon zuciya.

Yadda take aiki kuwa, yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana ya ga ƙaramin misalinsa. Ana matse hasken a kan ɗigon da bai kai faɗin milimita ɗaya ba, har ƙarfinsa ya kai kimanin wat miliyan ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Baƙin ƙarfe na narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, yana tafasa a wajen 2,860, kuma leza na wuce wannan duka cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tururin ƙarfen da ya tafasa sai ya tura narkakken da ke kewaye da shi gefe, ya buɗe wani siririn rami mai zurfi, wanda masana ke kira kafar makulli. Hasken na tafiya, ramin na bin sa, narkakken ƙarfe na rufe baya yana daskarewa. Wannan shi ne sirrin waldar leza: siririya ce, mai zurfi, mai sauri, kuma ba ta lanƙwasa faranti da zafi.

To amma a nan gizo ke saƙa. Ramin nan ba ya zama lafiya. Kullum cikin rawa yake, yana buɗewa yana tsukewa ɗaruruwa har dubban lokuta a sakan guda. Idan bakinsa ya rufta, sai kumfar iska ta maƙale a cikin ƙarfe ta zama kogo. Idan bai yi zurfin da ake so ba, sai sama ta haɗe, ƙasa kuwa ko oho. Ga kuma sauri: injin da ke tafiyar mita 6 a minti yana cin santimita 10 ke nan a kowane sakan, wato kafin mai duba aiki ya ƙifta ido sau ɗaya an wuce santimita guda ko biyu. Batirin mota ɗaya na iya ɗaukar ɗaruruwa ko dubban mahaɗai, kuma guda ɗaya mara kyau ta isa ta haddasa zafi, har ta kai ga gobara. Ba zai yiwu a yanka kowane batiri a duba cikinsa ba, ɗaukar hoton eksire na kowace mahaɗa kuma akwai tsada da cin lokaci. Wannan ne ya mayar da injiniyoyi ga kunne.

Yadda ake sauraren

Sauti iri biyu ne ke fita daga wurin walda. Na farko shi ne wanda ke bin iska. Tururin da ke feshowa daga ramin yana bugun iskar da ke kewaye, kuma muryarsa na sauyawa gwargwadon zurfin ramin da faɗinsa, kamar dai yadda yarinya a bakin famfo ke sanin jarkarta ta kusa cika ba tare da ta leƙa ba. Idan hasken ya huda farantin har ƙasa, tururi ya samu mafita biyu, sai muryar ta canza, tamkar mai busa sarewa ya ɗaga yatsa daga kan kafa ɗaya. Makirfo ne ke kama wannan.

Na biyu shi ne wanda ke bin jikin ƙarfen kansa. Masu aikin kuza sun daɗe da sanin cewa idan aka lanƙwasa sandar kuza zalla takan yi wani ɗan kuka. A 1950 wani Bajamushe mai suna Joseph Kaiser ya nuna a Munik cewa sauran ƙarafa ma suna yin irin wannan kuka a duk lokacin da cikinsu ya motsa ko ya fara tsagewa, sai dai kunnenmu ba ya kai wa gare shi. Kunnen ɗan Adam na jin abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Kukan tsagar ƙarfe kuwa yakan kai sau dubu ɗari har zuwa miliyan. Ana kama shi da wata 'yar na'ura da ake mannawa a jikin ƙarfe, mai ɗauke da wani sinadari da ke fitar da lantarki idan an matsa shi, ɗabi'ar da 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Da yake sauti na gudun kusan mita 5,900 a sakan a cikin ƙarfe, alhali a iska mita 343 kawai yake yi, labarin tsaga kan iso kusan a lokacin da take faruwa. Bugu da ƙari, wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Xarion, ya ƙera makirfo wanda babu fatar da ke kaɗawa a cikinsa, da haske yake auna motsin iska, yana kuma jin har sau miliyan a sakan ba tare da ya taɓa ƙarfen ba.

Bayan an kama sautin, sai kwamfuta ta rarraba shi zuwa muryoyin da suka haɗu suka yi shi, kamar yadda gwanin kiɗa ke ware kalangu daga ganga a cikin taron makaɗa. Lissafin wannan rarrabawa Joseph Fourier ne ya shimfiɗa shi a 1822, kuma a 1965 aka fito da hanyar yin sa da sauri a kwamfuta. Sauran aiki sai koyarwa, wadda ba ta da bambanci da koyon sana'a a shago: a ji sauti, a ga sakamako, a maimaita sau dubbai. Alal misali, masu bincike na cibiyar Empa ta Suwizalan, ƙarƙashin Dakta Kilian Wasmer, sun kai injin waldarsu babbar cibiyar hasken eksire ta Turai da ke Giranobul a Faransa, suka riƙa ɗaukar hoton cikin ƙarfe yayin da ake walda, suna naɗar sautin a lokaci guda. Da haka suka san wace murya ce ta lafiyayyen rami, wacce ce ta wanda ke rawa, wacce ce ta haihuwar kumfa, suka horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira a kai, suka wallafa sakamakon a 2020.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Masana'anta wuri ne mai hayaniya, iskar da ake hurawa don kare gilashin leza ma kaɗai ta isa ta danne muryar ramin. Manhajar da aka horar a kan alminiyam kan ruɗe idan aka kawo mata jan ƙarfe, ko aka matsar da makirfo. Saboda haka akan haɗa kunne da ido, wato kyamara da na'urorin auna haske da na auna zurfin rami, kuma a manyan ayyuka har gobe ana bin walda da gwajin eksire ko na tura sauti cikin ƙarfe a saurari dawowarsa. Fifikon saurare dai shi ne araha, da kuma cewa yana magana tun aiki na gudana, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ke fama da wutar lantarki, ina mu ina leza? Ruwanmu shi ne walda mara kyau ba ta san ƙasa mai arziki ko matalauciya ba. A ranar 27 ga Maris, 1980, wani dandamalin kwanan ma'aikatan haƙar mai na ƙasar Nowe, mai suna Alexander L. Kielland, ya kife a Tekun Arewa da mutum 212 a kansa, 123 suka halaka. Binciken da aka yi ya gano cewa tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6, wadda, abin mamaki, na'urar sauraren sauti a ruwa take riƙe da ita a jikin ɗaya daga cikin tokaran dandamalin. Har fenti aka samu a cikin tsagar, shaidar cewa tun daga wurin ƙira take, aka shafe ta, ta yi ta girma a ɓoye.

Yanzu mai karatu ya dubi kewayensa a Birnin Kudu ko Gwaram. Hasumiyar ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa a makarantar firamare ko asibitin ƙauye, wadda yara ke wasa a ƙarƙashinta: tanki mai lita 5,000 tan biyar ke nan na ruwa a sama. Amalanken shanu, da tirelar tarakta, da injin casar shinkafa da na sussukar masara masu juyawa da gudu, da ƙarafan rufin ɗakin taro, da bodin motocin da ke loda buhuna a kasuwar Sara, duk walda ce ke riƙe da su. Yawancinta an yi ta ne a bakin titi, da tiransifomar da aka naɗa da hannu, a kan janareta mai hawa da sauka, da sandunan da suka kwana a danshin damina. Ƙarancin wuta na sa walda ta hau kan ƙarfe ba tare da ta shige shi ba. Danshi na cika ta da ƙofofi. Daga nan sai a gurje, a shafa fila, a fesa fenti. Mai saye na duba sheƙi, ɗan kwangila na duba farashi, injiniyan ƙaramar hukuma na duba takarda.

Jihar Jigawa ba ta manta da daren 15 ga Oktoba, 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Dalilin faɗuwar motar da kuma tururuwar jama'a zuwa kwasar mai magana ce daban. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk lokacin da tanka ta kife, ko man zai tsaya a ciki ko zai malala, ya dogara ne ga ingancin murafanta da famfunanta da ɗinkin waldar jikinta, kuma da yawa daga tankokin da ke bin hanyoyinmu a cikin gida ake ƙera bodinsu ko ake yi musu faci.

Ba laifin mai walda ba ne shi kaɗai. Gwanaye na nan, kuma su ne suka fi kowa sanin aikin da aka yi don Allah da wanda aka yi don a sallami mai kaya. Matsalar ita ce babu wata hanya da mai saye zai bambance gwani da ɗan koyo, don haka babu ladan ƙwarewa, mai araha ne ke cin kasuwa.

Baƙuwar da ke tafe

Abu na biyu da ya sa maganar ta shafe mu shi ne leza ta fito daga manyan masana'antu. Kamfanonin ƙasar Sin na ƙera injinan waldar leza na riƙewa a hannu, masu ƙarfin wat 1,000 zuwa 3,000, ana tallarsu a intanet, kuma hanyar da ƙananan injinan walda na inbata suka bi suka cika kasuwannin Kano, ita waɗannan za su bi. Masu ƙera ƙofofi da tagogi da kayan ƙarfen da ba ya tsatsa za su so su, domin yaro na iya koyon jan layi mai kyau cikin 'yan kwanaki. Haɗarin ke nan. Layin leza kan fito sumul ko da bai shiga ciki ba, sannan muryarsa daban ce da wadda kunnen maigida ya saba da ita. Za a wayi gari ido ya ruɗu, kunne kuma ya zama baƙo.

Akwai kuma haɗarin makanta. Idon mutum na ganin haske ne daga tsawon zango na nanomita 400 zuwa 700, hasken waɗannan injina kuwa yana wajen 1,070, wato ba a ganin sa, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, amma yana ratsawa ya ƙona bayan ido, ƙunar da ba ta warkewa. Baƙin gilashin walda na yau da kullum ba don shi aka yi ba. Idan ya daki ƙarfe mai sheƙi ya karkata, yana iya samun mai talla ko ɗan makarantar da ke wucewa a nesa. Injin da a Turai sai a rufaffen ɗaki ake kunna shi, me zai faru ranar da aka ajiye shi a bakin titin kasuwa?

Shi kansa kunnen da muke yabo, lalacewa yake yi. Ƙa'idar da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar ita ce, ƙara mai ƙarfin desibel 85 kada ta wuce awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ke nan. Injin gurzar ƙarfe kan kai kusa da haka, kuma yaran shago na wuni da shi babu toshiyar kunne. Muryoyi masu kaifi ne ke fara ɓacewa, kuma ba sa dawowa. Wato muna kurmantar da kayan awon da muka gada tun kafin ya nuna.

Abin yi

Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu iya magana. Aikin nan na malaman jami'a ne da masu sana'a da gwamnati tare. A kewayen wannan yanki akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Dutse, da ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil da Jami'ar Bayero a Kano. Ko ɗaya daga cikinsu na iya fara bincike mai araha: ɗalibai su tafi shagunan Birnin Kudu da Gwaram da wayar salula, su naɗi sautin walda daga tazara ƙayyadajjiya, su yanka samfurin, su lanƙwasa shi, su duba cikinsa, su rubuta sakamako kusa da kowane sauti. Sannan a kunna wa tsofaffin gwanaye faifan ba tare da sun ga aikin ba, a ji hukuncinsu, a rubuta kalmomin da suke siffanta kowace murya da su da Hausa. Wayar hannu na jin kusan duk abin da kunne ke ji, wanda ya wadatar ga waldar lantarki, kuma lissafin da ɗalibi zai koya a nan shi ne dai wanda ake yi wa leza. Abin da zai fito shi ne taskar bayanai a kan janaretocinmu da sandunanmu da ƙarafanmu, wadda babu ɗakin bincike a Jamus da ke da ita, kuma daga ita ana iya gina manhajar da za ta gargaɗi ɗan koyo idan hannunsa ya kauce. Irin wannan ne ya dace asusun TETFund ya tallafa wa.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuma su ne manyan masu sayen aikin ƙarfe. Su sanya sharaɗi a kowace kwangilar hasumiyar tanki ko rufi cewa sai an duba walda kafin a yi fenti, sai kuma mai waldar ya yi samfuri an lanƙwasa a gaban injiniya. Ga tanki kuwa, akwai tsohon gwaji na kananzir da alli: a shafa alli a waje, kananzir a ciki, duk inda ya yi tabo akwai ƙofa. Babu ɗayan waɗannan da ke buƙatar dala.

Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa tana da tsarin gwada masu sana'ar da suka koya a shago ta ba su takardar shaida. Ya kamata ƙungiyoyin masu walda na kudancin Jigawa su nemi a kawo musu shi gida. Aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020, kilomita 614 ne. In an ɗauki kowane bututu a mita 12 kamar yadda aka saba, mahaɗai sama da 50,000 ke nan, kowace sai an walda an gwada. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 yana da reshe zuwa Dutse. Irin waɗannan ayyuka da gyare-gyaren da ke biyo bayansu ba sa ɗaukar mutum don an ce gwani ne a garinsu, sai da shaida a hannu.

Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu wuri ne da ya dace a fara gwajin ji da gani ga masu walda da yaransu, a kuma wayar musu da kai cewa toshiyar kunne lokacin gurza ita ce ke adana kunnen da za a saurari walda da shi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa kuwa ta shimfiɗa ƙa'ida tun yanzu: kada a sayar da injin leza sai da tabaran da aka yi domin sa, kada kuma a kunna shi sai a kewayayyen wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙarshe, malaman kimiyya na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da ta yaye irin su Alhaji Aliko Dangote, da na sauran makarantun yankin, suna da ɗakin gwajin da babu mai irinsa a bayan gari. Da izinin masu kula da wurin, yaro ya ji amon dutse, ya ga zanen muryarsa a fuskar waya, ya kwatanta da na tsagaggen dutse, washegari a kai shi shagon walda ya yi haka. Wannan yaro ba zai sake ɗaukar fizis a matsayin karatun Turawa ba, ba zai kuma sake raina mai walda ba.

Waɗanda ke riƙe da kasafin ilimi da na ayyuka a Dutse su sani, gwanayen da za a naɗi iliminsu tsufa suke yi, kunnuwan magadansu na dusashewa, injinan leza kuma na kan hanya. An dai faɗa, kuma Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.